Makulli Mai Kan Tagulla

Tun da Hammadu ya fara tuƙi bai taɓa tayar da mota da makullin da bai bi ta hannuna ba.

Ni ne Yunusa Mai Makulli. Rumfata tana bakin tsohuwar tashar Azare, gindin darbejiya, inda take tun muna samari. Hammadu direba ne a hanyar Katagum. Shi Bafillace, ni Babarbare. Tun ranar da muka haɗu kowa yake kiran ɗan'uwansa bawa, har gemunmu ya yi fari ba a raba gardamar ba.

A da aikin nan na ido ne da hannu. In direba ya yar da makulli ba na tambayarsa komai. In ɗauki ƙarfe, in shafa masa baƙin fitila, in zura a ƙofar motar, in murɗa, in zare. Inda baƙin ya goge, nan zan ci da magagari. In sake zurawa. Kafin shayinsa ya huce ƙofa ta buɗe. Daga Giade, daga Dambam, har daga Gamawa ana zuwa ɗaukata a kan babur.

Amma abin da aka fi sanina da shi kan tagulla ne. Makullin kamfani kansa roba ce. Rana ta dafa ta, zufa ta cinye ta, wata rana a murɗa ta rabu biyu a hannu. Ni sai in ƙone robar a gawayi, in bar ƙarfen tsirara, in ƙera masa kai na tagulla mai faɗin tsohon kwabo, in haɗe da walda. Sannan in ja masa tsaga a fuska da magagari. Na Hammadu ya fi na kowa yawan tsaga. Ranar farko ya juya shi a tafin hannu ya ce, makullin ma sai da na yi masa tsagen Barebari? Na ce don a san bawan wa yake tuƙa motar.

Ban da guda da ya faɗa rijiya, bai taɓa yar da ko ɗaya ba. In zai sayar da mota sai ya sa in yanka wa mai saye wani, shi ya riƙe mai tagullar. Na akori-kura, na Fijo, na bas ɗin da ya daɗe yana ja, duk suna zobe ɗaya a aljihun rigarsa. Kafin ka ga Hammadu ka ji shi.

Muna da al'ada a tashar nan. Zamanin da batir ba shi da ƙarfi, mota sai an tura take tashi, don haka ba a kashe ta a banza. Direban da ya gaji da hanya, ranar da zai bari, shi zai shigo da motar tasha da kansa. Ya taka birki, ya sauko, inji yana silo ba a kashe ba, makulli yana ciki. Wanda zai gaje shi ya hau kujera tana da ɗumi. A yi fatiha, a ci goro. Wanda ya bar tuƙi a kan matacciyar mota kuwa, ko korarsa aka yi, ko hatsari ya yi, ko ciwo ya kayar da shi. Ba a zagin irin wannan. Amma ba a yi masa fatihar.

Hammadu ya daɗe da barin lodi. Tuƙi ne bai bari ba, don yana da tsohuwar Fijonsa ta gida. In tsofaffin tasha suka ce yaushe za mu ci goronka, sai ya ce da saura.

A bazarar bana Fijon ta ƙi gyaruwa. 'Ya'yansa suka yi hamdala. Shi kuwa bai shawarci kowa ba ya sayar da bijimansa, ya sa aka kawo masa wata ruwan toka, irin 'yan Beljiyam ɗin nan. Da makulli ɗaya ta zo.

Ran Litinin da hantsi ya tsayar da ita a gaban rumfata. Ya sauko yana gyara hula. Ya ce matar ɗansa Hussaini ta haihu a Katagum, namiji, suna ran Juma'a, kuma sunansa za a sa wa yaron. Da kansa zai kai kansa, a sabuwar mota, takwaransa ya san kakansa direba ne. Ya jefo mini makullin a kan benci.

Kansa baƙar roba ce mai kauri, da maɓallai. Na ce waɗannan na buɗe ƙofa ne daga nesa, in na ƙone su sun tafi. Ya ce shi ba kuturu ba ne, da hannu yake buɗe ƙofa. In yi masa irin na kullum.

Irin waɗannan makullan ba na karɓa. In an kawo mini sai in nuna rumfar maƙwabcina Zakiyus, mai gyaran wayar mota, mutumin Bogoro. Tare muka tsufa a layin nan. Shi ya sayi na'ura ya koyi aikin zamani, ni ban ga dalili ba. Ya sha gaya mini makullan yanzu magana suke yi da mota. Na ɗauka maɓallan ƙofa yake nufi. Ranar nan kuma ba ya gari, ya tafi gida biso, an yi musu rasuwa.

Na hura gawayi. Robar ta yi wari, ta narke, ta ɗiga. Na ƙera kai, na haɗa, na ja tsaga, na goge da toka har yana ɗaukar ido. Cikin duk waɗanda na yi masa babu mai kyaun wannan.

Na miƙa masa. Hannunsa ya wuce ta gefe, sai da ya lalubo. Bai ɗaga shi sama ya duba ba kamar yadda ya saba. Babban yatsansa ya bi kan tsagar, ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai. Da ya je ƙofar motar, da ɗan yatsa ya nemo ramin kafin ya zura. Na gani.

Ƙofa ta buɗe. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa. Inji ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Wata 'yar jar fitila tana ta ƙiftawa a gaban sitiyari.

Tsofaffin tasha suka taso. Wani ya ce mai ne, wani ya ce filogi. Yakubu kamasho, wanda ya girme mu duka, ya ce a daina surutu a tura. Muka tura. Muka kai ta bakin titi, muka dawo da ita, Hammadu yana ciki yana neman kuloci da ƙafa, motar kuwa ba ta da shi. Masu shayi da masu faci suka tsaya kallo. Daga ƙarshe igiya aka ɗaura, wata motar lodi ta ja ta zuwa ƙofar gidansa, yana zaune a ciki riƙe da sitiyari. Ta gaban kowa aka bi da shi.

Washegari Zakiyus ya dawo. Na yi masa gaisuwa, sannan na ajiye makullin da na karɓo wurin Hammadu a gabansa. Ya juya shi, ya yaba aikin, ya tambayi ina robar.

Na ce na ƙone.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Na san dariya yake haɗiyewa. Ya ce a cikin robar akwai wata ƙwaya baƙa, ba ta fi ƙwayar wake ba. In an zura makulli, mota takan tambaye ta ko wace ce, ta amsa, sannan a saki mai da wuta. Ƙarfen da na yanka shekara da shekaru yanzu ƙofa kawai yake buɗewa. Ya ƙara da cewa irin motar nan ko har Misau aka tura ta ba za ta tashi ba.

Na ce to me za a yi.

Ya ce sai an aiko da sabon makulli mai ƙwaya daga Kano, ni in yanka ƙarfen, sannan a jona na'ura a gabatar da shi ga motar, kamar yadda ake kai baƙo wurin mai unguwa. In ya yi waya yanzu, direban Kano zai kawo zuwa Alhamis. Na ce ya yi.

Da la'asar Juwairiyya ta zo. 'Yar Hammadu ce, ma'aikaciyar asibiti. Tana ƙarama a kan murfin injin bas take zama kusa da ubanta, har ta yi barci. Cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta so tuƙi, shi ya koya mata a filin ƙwallo. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ta ce idon Baba yana ta rufewa. Likita ya ce yanar ido ce, a duka biyun, sai an yi aiki, shi kuma ya ƙi. Da tsohuwar Fijon ya bugi ginshiƙin ƙofar gida, ya ce ginshiƙin ne aka matso da shi. Ya take tunkiyar maƙwabta ya ce ita ta shigo. Sun yi magana, sun sa an yi masa magana, ba ya ji. Yanzu ga shi Allah Ya kashe motar ba tare da an yi faɗa da kowa ba.

"Baba Yunusa, ka bar ta haka," ta ce. "Ka ce masa ba ta gyaruwa. In kai ka faɗa zai yarda."

Na ce ban taɓa yi wa ubanta ƙarya a kan makulli ba.

Ta ce to kada in yi ƙarya, in yi jinkiri kawai, Juma'a ta wuce. Ita za ta kai shi Katagum a motarta. Na ce na ji. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Daga wurina ta wuce rumfar Zakiyus. Na ga suna magana, na ga yana gyaɗa kai.

Yarinyar tana da gaskiya. Hanyar Katagum ba ta wasa ba ce yanzu. Babura, shanu, yara masu tsallaka titi ba dubawa. Na kwana da maganarta. Na tashi da niyyar in yi jinkirin.

Ran Laraba na je gidansa. Motar tana ƙofar gida, kaji suna hutawa a ƙarƙashinta. Hammadu yana ciki, a kujerar direba, gilashi a sauke, zoben makullansa a cinya. Na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Bai juyo ba. Ya ce warin gawayi ya gaya masa bawansa ne ya zo.

Sai ya fara zancen da. Daminar da kogin Katagum ya cika, aka sauke fasinja, aka yi kwanaki a bakin ruwa ana jiran ya janye, yana dafa musu shayi a kan murhun duwatsu. Ranar da makullin akori-kura ya faɗa rijiya a wani ƙauye, aka zo aka ɗauke ni, na yanka masa wani a kan turmi, matan gidan suna leƙe. Yadda Fijo take kuka in ta ɗauki giya ta ƙarshe a hanyar da ba kowa, har ka ji kamar da kai take magana. Ya lissafa direbobin zamaninmu, wanda ya sauka aka yi masa fatiha, wanda aka kwaso daga daji. Yawancinsu suna ƙasa.

Ya miƙo hannu na ba shi makullin, ya zura, ya murɗa. Inji ya juya ya yi shiru. Jar fitilar tana ƙiftawa.

"Yunusa," ya ce. Rabon da ya kira sunana tsirara har na manta. "Daga matacciyar mota za a sauke ni? Da igiya aka kawo ni gida."

Na ce ai ba wanda ya ce ya sauka.

Ya ce ba a faɗa ba, amma yana jin yadda gidan ya yi sanyi, kowa yana yi masa sannu kamar mai jinya. Na tambaye shi, in ta tashi, ina za shi. Ya ce Katagum mana, ko na manta ana sunan takwaransa? Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba.

Na karɓi makullin na fito. Hannuna ne ya kashe motar nan. Ban ga yadda zan bar shi a cikinta ba.

Makullin Kano ya iso Alhamis da safe. Na ɗaura shi kusa da mai tagullar, na bi haƙoransa da magagari. Wannan aikina ne, ban nemi kowa ba. Da na gama na kai wa Zakiyus, na ce ya ɗauko na'urarsa.

Ya ce ba zai yi ba.

Na dube shi. Ya ce Juwairiyya ta roƙe shi, kuma shi ma yana da ido, ya ga yadda Alhaji Hammadu yake lalube. In aka take ɗan wani a hanyar Katagum, ba ya so a ce hannunsa ne ya tayar da motar.

"Kai ka kashe ta, Malam Yunusa. In ka ga daidai ne, kai ka tashe ta. Na'ura ga ta nan. Zan gaya maka inda za ka danna, nauyin kuwa naka ne."

Na ce nauyin dama nawa ne. Ya ɗauko.

Bayan azahar muka je. Hammadu yana cikin gida a kwance. Zakiyus ya jawo benci ya zauna a wajen motar, ya harɗe hannuwa. Ni na shiga kujerar direba. Na buɗe motocin da ban san adadinsu ba, amma ban taɓa koyon tuƙi ba, ban kuma taɓa daɗewa a kujerar nan ba.

Na'urar kamar ƙaramin allo take, fuskarta gilashi, da wutsiyar waya. Ya ce in laluba ƙarƙashin sitiyari, akwai wani rami mai haƙora. Na durƙusa har gwiwata ta yi ƙara, na samo, na jona. Gilashin ya kawo haske, rubutun Turanci ya cika shi. Ban iya karantawa ba. Na juya masa, ya leƙo ta taga, ya ce in taɓa na biyu daga sama.

Na taɓa. Ba abin da ya faru. Na danna da ƙarfi. Ya ce in yi a hankali, ba ƙusa ba ce. Na sake, shiru. Ya kama hannuna ya duba, ya ce yatsuna sun yi kanta, gilashin ba ya jin su, ya ɗauka itace ne. Muka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ƙaramin yatsan hagu kaɗai ya yarda da shi, wanda bai taɓa riƙe magagari ba. Da shi na yi aikin, a miƙe, kamar amarya tana shan shayi. Zakiyus ya kau da kai yana tari.

Ya ce in zura sabon makulli, in murɗa rabi, kada in tayar. In taɓa kore. In jira. In kashe. In sake murɗawa. Ina yi, zufa tana bin bayana. Sai na'urar ta tsaya, ta kawo wani rubutu. Na tambaye shi me ta ce.

Ya ce tambaya take yi, ko motar ta manta da duk makullan da ta sani a da.

Na ce in ba ta manta ba fa? Ya ce ba za ta karɓi sabo ba. Na ɗan zauna. Sannan na taɓa inda ya nuna.

Muka jira. Wani zane yana ta zagaya a gilashin. Jar fitilar tana ƙiftawa, tana ƙiftawa, sai ta ɗauke. Zakiyus ya ce to, murɗa.

Na murɗa. Ta kama. Kaji suka watse daga ƙarƙashi.

Kafin mu gama haɗa maɓallan ƙofa sai ga Hammadu a bakin zaure, ba hula, takalmi a hannu. Ya tsaya yana saurare. Ya ce silon ya ɗan yi sama. Ya miƙo hannu. Na ce sai da safe, ban gama ba. Ba zan ba shi makulli mai kan roba ba.

Na koma rumfa. Wannan karon da wuƙa na buɗe robar, a hankali, kamar mai ɓare gyaɗa. Ga ƙwayar nan, baƙa, ba ta da wani kwarjini. Zakiyus ya ce kada in binne ta cikin tagulla, ƙarfe yana toshe mata baki. Sai na ƙera wa sabon ƙarfen kansa, na ja masa tsagarsa, na kai wa wani baduku a kasuwa. Ya ɗinke ƙwayar cikin jar fata kamar laya, ya ɗaure ta tamau a wuyan makullin. Kafin magariba na koma na gwada ba tare da na yi sallama ba. Ta tashi.

Daga nan na wuce gidan Juwairiyya. Na ba ta robar mai maɓallai, na ce na ƙofa ne, ta riƙe. Ta dubi robar, ta dube ni. Ta gane.

"Baba Yunusa, in ya take ɗan wani fa?"

Na ce ta zauna kusa da shi, hannunta a kan birkin hannu. Ni ina baya. Ta ce ya yi mini alkawarin wani abu ne? Na ce bai yi ba. Ko rakiya ba ta yi mini ba.

Juma'a da sassafe ya fito cikin farar babbar riga, ya sha turare. Na sa masa makullin a tafin hannu. Yatsansa ya bi tsagar, ya tsaya a kan fatar. Ya ce wannan kuma fa, Barebari sun fara yi wa ƙarfe laya? Na ce motar Fulani ce, sai da asiri take tafiya.

Juwairiyya ta buɗe gaba ta zauna. Ya ce ina tata motar? Ta ce tana so ta ji daɗin sabuwa. Na shiga baya da ƙunshin goron suna.

Ya yi bisimilla. Ta kama a murɗawa ɗaya. Ya bar ta ta yi silo, ya gyara madubin da na san ba ya gani a cikinsa, ya saki birki.

A hankali yake tafiya, ya sunkuyo har gemunsa yana taɓa sitiyari. Lungun unguwarsu ya san shi kamar cikin ɗakinsa, ko rami ɗaya bai faɗa ba. Muka hau titi. Babura suna wuce mu ta dama da hagu suna oda. Ina kallon hannun Juwairiyya a kan birki, jijiyoyinsa sun tashi.

Can gaba wani amalanken shanu ya fito daga lungu da lodin yashi. Ni na gani. Ita ta gani. Motar ba ta rage ba.

"Baba, amalanke."

Ya taka. Muka tsaya, hancin motar kusa da ƙafar bijimin da ke ja. Mai amalanken ya buɗe baki zai yi zagi, ya ga furfura, ya rufe. Hammadu ya ce ai ya ji takunsu. Amalanken ya wuce. Ya daɗe bai saki birki ba, har na baya suka fara oda.

Muka ci gaba. Hanyar fita gari ta gaban tsohuwar tasha take bi. Na hango rumfata a rufe. Na hango Zakiyus tsaye a bakin tasa, ya riƙe ƙugu. Na ce a raina in muka wuce nan, sai abin da Allah Ya yi, kuma ni na jawo.

"Babarbare," ya ce. "Wancan duhun darbejiyarka ce?"

Na ce ita ce.

Ya juya sitiyari. Muka shiga tasha, ta ƙofar da yake shiga da bas. Ya kai ta daidai inda ake lodin Katagum a da, wurin da yanzu masu kankana suka baje. Ya taka birki. Ya sa ta a tsaye. Bai taɓa makullin ba.

Ya buɗe ƙofa ya sauko, inji yana silo.

Yakubu kamasho ne ya fara ganewa. Ya ajiye kofin shayi ya miƙe da sandarsa. Sauran tsofaffin suka biyo shi. Matasan direbobi suna tambayar me ya faru, ba wanda ya kula su. Yakubu ya ce to Alhaji, wa zai hau?

"Juwaira, zagayo."

Ta fito, ta zagayo ta gaban motar tana goge ido da gefen mayafi. Yakubu ya ce shi dai tun da yake a tashar nan bai taɓa ganin an ba mace ba. Hammadu ya ce shi ya koya mata, kuma ta fi Yakubu iya ribas ko lokacin da Yakubu yake da haƙora. Aka yi dariya. Ya riƙe mata ƙofa ta shiga, ya rufe da kansa.

Yakubu ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Zakiyus ya cire hula ya sunkuyar da kai har aka shafa. Goro babu, sai na suna da ke hannuna. Na kwance na raba. Hammadu ya ce a Katagum zai gaya musu bawansa ne ya cinye a hanya.

Ya shigo baya ya zauna kusa da ni. Ya ciro zoben makullansa, ya miƙo mini tafin hannu.

"Ba ni mataccen."

Makullin farko da na ƙone wa ƙwaya yana aljihuna. Na ba shi. Ya buɗe zoben da farce, ya zura shi kusa da na Fijo, ya mayar aljihu.

Juwairiyya ta ja muka fita. Bayan gari gonaki suna nan a share suna jiran ruwa. Hammadu ya jingina, ya lumshe ido. Na ɗauka barci zai yi. Ba mu yi nisa ba ya ce ta cika taka mai. Can kuma ya ce akwai kwana a gaba, ta rage tun yanzu. Ta ce to Baba. Kwanar tana nan inda ya ce.

Haka ya yi mata har Katagum.